Bargo Ɗaya, Magada Uku

Duk unguwar Dogo Nini da ke Potiskum an san Joda da allura. Ba tela ba ce, ba ta taɓa ɗinka wa kowa ko ɗankwali don a biya ta ba. Aikinta shi ne tattara ƙyallayen da teloli ke zubarwa, ta yanyanka su daidai wa daida, ta haɗa su da ɗinkin hannu, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta yi musu shafi, su zama bargo. Baƙo zai ɗauka talauci ne. Ina talauci ga matar Alhaji Maigandi, mutumin da in ya shiga kara, kasuwar dabbobi, ranar Laraba dillalan shanu ke miƙewa tsaye? Sha'awa ce kawai, irin wadda in ta kama mutum ba ta jin magani.

Ba ita kaɗai ke fama da wannan ciwo ba. Akwai 'yan uwanta a Ƙungiyar Allura da Zare, da ke haɗuwa duk Asabar a gidan Ya Fanne. Suna ɗinka ƙananan barguna su kai wa masu jego a asibiti, wadda ta makara kuma tararta tulun zoɓo. Ya Fanne ce shugaba, kuma ba zaɓen ta aka yi ba, babu dai wadda ta iya cewa a'a. Tsohuwar Babarbariya ce mai tabarau a kan hanci da reza ƙulle a bakin gyale. In ka miƙa mata aikinka ba ta kallon fuskarsa, juya shi take ta duba bayansa, inda kowa ke ɓoye abin kunyarsa. In ta ga ɗinki ya karkace ba ta magana, sai dai ka ji ƙarar reza. Yabo mafi girma da aka taɓa ji a bakinta shi ne, "To, zai rufe mutum." Joda ta shafe shekaru tana jiran kalmar da ta fi wannan, har ta haƙura.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Alhaji Maigandi rasuwa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Joda ta shiga takaba. Rabon gado kuma aka ce sai an jira, don shanun marigayi suna can kudu wajen makiyaya, ba za su dawo ba sai ruwa ya sauka.

Gida ya yi wa Joda girma. 'Yarta guda ɗaya, Basira, tana aure a Damaturu, ta zo ta yi makonni ta koma. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Wata hantsi Joda ta buɗe sif ɗin Alhaji don ta shanya kayansa su sha iska, sai ƙamshinsa ya fito ya tare ta, turare da goro da ɗan warin garke da wanki bai taɓa iya fitarwa ba. Ta zauna a bakin gado ta yi kukan da ta hana kanta a gaban mutane. Da ta share ido sai ta lura aljihun wata tsohuwar jamfa ya yage. Niyyarta ta gyara. Amma almakashi yana kusa, shi kuwa almakashi bai san ya isa ba.

Da 'yan ƙungiya suka ga ba ta fita, suka mayar da taron Asabar gidanta. Suka tarar da ita a tsakiyar rigunan Alhaji, wasu an riga an cire musu hannuwa. Suka ce madalla, wannan tunani ya yi. Wannan ta riƙe, wannan ta guga, wannan ta zare mata allura, amma ɗinkin kam Joda ba ta bar kowa ya sa hannu ba. Mata cike da tsakar gida, cikinsu har da malamar Islamiyya, aka rasa wadda za ta tuna cewa ko hular mamaci gado ce, ba a taɓa ta sai an raba.

Kafin ta fita takaba bargo ya kammala. Babba ne, ya rufe gadon ya sauko ƙasa. A tsakiyarsa ta sa kwalliyar wuyan farar shaddar da Alhaji ke sawa ranar Sallah, sauran rigunan suka kewaye ta, na kasuwa da na masallaci da na zaman gida. Da shi take lulluɓa. Tun rasuwar, sai a cikinsa ta fara samun barci na kirki, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Wannan farar shadda kuwa akwai mai jiran ta. Babaji ne, ƙanin marigayi, dillali a kara, gajere mai ɗan tumbi da murya kamar ta mai shela. Tun Alhaji na da rai yake cewa, "Yaya, in ka gaji da ita ka tuna da ni." Bayan rasuwar ya yi kunyar tambaya, amma har ya je ya gana da telansa kan yadda za a rage mata tsawo ba a taɓa aikin wuyan ba.

Shanu suka dawo, aka sa rana. Aka ɗauko Malam Safiyanu daga Mamudo, dattijo mai sanyin magana wanda ya raba gadon gidaje da yawa ba a kai ga kotu ba. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Magada uku ne: Joda da tumuninta, Basira da rabi, abin da ya rage na Babaji. Gida ya tafi lafiya, gona ta tafi lafiya, shanu ma aka raba su ba wanda ya ɗaga murya. A cikin rabon Joda har da wata jar karsana mai kyan ƙira, wadda Babaji ya bi da kallo har aka wuce da ita.

"Saura suturar marigayi," in ji Malam.

Basira ta shiga ɗaki ta ɗan jima. Ta fito da huluna, da takalma, da carbi, da wata leda cike da maɓallai.

"Ina rigunan?" Babaji ya tambaya.

A daidai lokacin ne abin ya faɗo wa Joda. Ta tashi ta shiga ɗakinta, ta rungumo bargon ta kawo ta shimfiɗa a gaban Malam.

"Ga su nan," ta ce.

Babaji ya sunkuya. Ya ga wuyan shaddarsa a tsakiya, ba hannu ba gindi, an zagaye shi da yankakken wandon zuwa gona. Ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa.

"Matar yaya, mene ne wannan?"

"Bargo ne."

"Na ga bargo ne. Ina sauran rigar?"

Joda ta nuna masa da yatsa. Ga wani yanki can gefen dama, ga wani can ƙasa, ga wasu ƙanana a kusurwoyi. Babaji yana bin yatsan nata da ido kamar wanda ake nuna wa inda kura ta watsa ɗan akuyarsa.

"Allah gafarta Malam, ka gani da idonka," ya ce. "Shaddar da ko gwamna ya sa ba zai ji kunya ba, an mayar da ita tsumma. Tsumma ne wannan. Ko jaki aka aza wa sai ya ture."

Malam Safiyanu ya shafa gemunsa. Ya ce wa Joda lalle an yi kuskure, ba a taɓa dukiyar mamaci kafin rabo, amma ya ga alama rashin sani ne ba cin amana ba, ta nemi gafarar Allah da ta magada. Joda ta sunkuyar da kai ta nema. Sannan ya ce abin da ya wuce ya wuce, riguna ba za su dawo ba, abin da ke gabansu yanzu bargo ne, kuma na mutum uku ne.

"Nawa rabon na bar wa Dada," in ji Basira, tana nuna uwarta.

"To, saura kai, Malam Babaji. Hanya uku ce. Ko a farke maka rabonka, ko a kai shi kasuwa a raba kuɗin, ko a yi masa ƙima, wadda ke so ta riƙe ta ba ka wani abu daga nata rabon a madadinsa."

Da Joda ta ji kalmar farkewa da kasuwa sai ta kai hannu ta dafe gefen bargon. Ba ta damu da gona ba, ba ta damu da saniya ba. Abu ɗaya take so daga duk abin da Alhaji ya bari, bargon nan ya kwana a gadonta yadda yake, ba a cire masa ko zare ba.

Malam ya ci gaba, "Amma tunda ka ce tsumma ne, ai tsumma ba shi da ƙima. Sai a bar mata, mu shafa fatiha."

Babaji ya yi tari. Shekara talatin yana dillanci, bai taɓa rushe cinikinsa da bakinsa haka ba. Ya ga hannun Joda a kan bargon, ya tuna jar karsana, nan take dillalin da ke cikinsa ya farka.

"Wa ya ce tsumma?" ya ce. "Ɓacin rai ne, Malam. Bari in duba da kyau."

Ya miƙe ya zagaya bargon yadda yake zagaya bijimi. Ya bubbuga shi da tafin hannu. Ya ɗaga kusurwa ɗaya ya leƙa kamar mai duba haƙora. Ya ja baya ya karkata kai.

"Kai, masha Allah. Dubi jiki. Dubi nauyi. Irin wannan ko a Kano ba ka samu. Wannan in Turawa suka gani, bango za su rataya shi su riƙa karɓar kuɗin kallo. Ni dai rabona a ciki, in za a yi gaskiya, bai gaza jar karsanar nan ba."

"Baffa, ɗazu ka ce jaki ma ba zai ɗauka ba," in ji Basira.

"Jaki ya san abu mai kyau ne?"

Malam ya ce shi dai ya san ƙimar gona da ta sa, amma bai san ta bargon ƙyallaye ba, kuma ba a ɗaukar ƙima daga bakin mai rabo. A nemo wanda ya san aikin. Kowa ya san mutum ɗaya ce a Potiskum. Aka ɗage zama zuwa bayan la'asar, Basira ta hau a-daidaita ta tafi ɗauko Ya Fanne.

A hanya ta karanta mata komai. Ba a neman ta yi ƙarya, a cewar Basira, ana so kawai ta yi abin da ta saba yi duk Asabar. Ya Fanne ta ce wannan ai ba aiki ba ne. Da suka iso, Basira ta ja uwarta ɗaki.

"Dada, don Allah ki saurare ni. Duk aibin da aka samu a bargon nan, karsanarki ce ke dawowa. Duk abin da Ya Fanne ta faɗa, ki ce haka ne. In ba za ki iya ba, ki yi shiru."

"Ke 'yar nan, yau na fara jin bakin Ya Fanne?" in ji Joda, wadda ba ta kama sunan 'yar fari. "Ai na saba."

Aka koma kan tabarma. Ya Fanne ta gaisa da Malam, ta gyara tabarau, ta juya bargon ta bayansa. Ta bi shi da yatsa a hankali, layi bayan layi. Ta daɗe fiye da yadda ta saba. Basira ta fara gyaran murya.

"To," in ji Ya Fanne. "Na farko, launi bai zauna ba. An sa ruwan toka kusa da ruwan ƙasa, ido ba ya hutawa."

"Haka ne," in ji Joda, da ƙyar.

"Na biyu, auduga ta yi yawa. Mutum zai yi gumi."

Joda ta sake cewa, "Haka ne."

Babaji ya fara motsi a inda yake zaune, yana ganin karsana na ja da baya. Basira ta sunkuyar da kai tana ɓoye murmushi.

"Na uku," Ya Fanne ta ce, ta ɗan yi jim, don ta rasa na ukun, "ɗinkin ya karkace. Hannun ba ya tafiya daidai. Aikin gaggawa ne."

Da launi ne kawai da Joda ta jure. Da auduga ce da ta jure. Amma ɗinki? Wata huɗu tana zaune a kansa, yatsanta har ya yi kanta, in ta ga ɗigo ɗaya ya fi ɗan uwansa tsawo sai ta farke layin gaba ɗaya ta sake. A gaban ƙanin mijinta da malamin Mamudo a ce mata mai gaggawa?

"Ina ya karkace?" ta ce.

"Dada," in ji Basira.

"A'a, bari. Ya Fanne, nuna mini. Sa yatsanki a wurin."

Ya Fanne ta sa yatsa a wani wuri, ba tare da ta kalla ba.

"Nan? Nan ne ya karkace?" Joda ta jawo bargon ta kai shi gaban Malam har yana taɓa gemunsa. "Allah gafarta Malam, duba. Ka ga karkata? A kawo tef a auna. Wannan layin sau uku na sake shi. Zaren ma ba na kasuwar nan ba ne, daga Kano aka kawo mini, ninki biyu na yi. Bargon nan jikokin jikokina za su rufa da shi bai saki ba. Audugar da ake cewa ta yi yawa, da hannuna na cire mata gurya ɗaya bayan ɗaya."

"Allah ya yi miki albarka, matar yaya," in ji Babaji. "Ci gaba."

Sai a lokacin Joda ta ji abin da bakinta ke yi. Ta waiwaya ta ga Basira ta dafe kai da hannu biyu. Ta koma ta zauna a hankali. Baki dai shi ke yanka wuya.

Malam Safiyanu ya yi ta kallon ƙasa har sai da gemunsa ya daina rawa. Sannan ya juyo wajen Ya Fanne.

"Hajiya, shaida aka kira ki, kuma hakkin magada ne. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, yaya aikin nan yake?"

Ya Fanne ta cire tabarau ta goge da bakin gyale. Ta kalli Basira kamar mai ba da haƙuri. Ta kalli Joda. In ranta ya motsa Hausarta kan koma Barno, ta daina raba mace da namiji.

"Tunda ka sa Allah, Malam. Ni na koya wa matan nan riƙe allura. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, a ƙungiya ko a waje. Na nemi aibi tun daga sama har ƙasa, babu. Joda, ka fi ni. Ni ban iya wannan ba."

Wannan ita ce maganar da Joda ta yi shekaru tana jira, ga ta ta zo a ranar da ba a neman ta. Ya kamata ta ji haushi, ta san karsana ta tafi. Amma wani daɗi ne ya taso mata tun daga tafin ƙafa, ta ja mayafi ta rufe baki don kada a ga haƙoranta.

"Maimaita, Ya Fanne," ta ce. "Ban ji sosai ba."

"Ba zan maimaita ba."

Malam ya ce ko da hakan, a ganinsa karsana guda ta yi yawa, a duba ko ɗan maraƙi. Babaji ya ce shi ba ya son tauye kowa, in karsana ta yi yawa a kawo reza a farke masa rabonsa, ya san inda zai kai. Ya faɗa ne irin na ciniki, yadda dillali ke juya baya kamar zai tafi. Joda ba ta san ciniki ba.

"Ya ɗauki karsanar," ta ce. "Na yarda, ba tilas. Malam, a shafa fatiha."

Aka shafa. Kafin magariba labari ya gama Dogo Nini, cewa matar Alhaji Maigandi ta sayi tsummokaran mijinta da saniya. Basira ta koma Damaturu tana faɗa. Joda kuwa ta mayar da bargonta kan gado, ta gyara masa kusurwoyi, ba ta ji ta yi asarar komai ba.

Washegari da hantsi ta shanya shi a igiya, tana tankaɗe a gindin darbejiya, sai ta ji sallamar Babaji. Ta yi mamaki, don ranar Laraba ce, ya kamata yana kara. Ta ba shi tabarma. Suka gaisa, ya tambayi gajiyar jiya, ta tambayi kwanan karsana. Ya ce lafiya lau, tana ci.

Can ya tashi ya je wajen igiya. Bai kalli farar shaddar ba. Ya tsaya a kusurwar ƙasa ta hagu, inda wani shuɗin yadi yake, wanda rana ta cinye launinsa.

"Wannan rigarsa ce ta zuwa kara," ya ce.

"Ita ce. Sau nawa na ce ya jefar, ya ƙi."

"Da ita ya fara kai ni kasuwa. Ina riƙe da gefenta don kada in ɓata cikin shanu. A lokacin ta yi masa yawa, ta Baffanmu ce." Ya murza yadin tsakanin yatsunsa. "Jiya na kai karsana gida, na ɗaure, na zauna ina kallon ta. A daji aka haife ta, matar yaya. Ko ganin Yaya ba ta taɓa yi ba. Na duba ɗakina kaf, ba abin da ya taɓa jikinsa sai hula, ita ma ba ta shiga kaina."

Joda ta ajiye rariya.

"In na dawo da ita," ya ce, bai juyo ba, "za ki ba ni bargon?"

"A'a."

"Na sani. Na dai tambaya ne."

Ya saki yadin, ya sa takalmansa, ya ce bari ya leƙa kasuwa. Joda ta bi shi da kallo. Daga baya, in ka cire tumbin, tafiyarsu ɗaya da Alhaji, kafaɗar dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Ita tana da inda take shiga ta ji ɗumin mijinta. Shi wannan, da duk surutunsa, ba shi da kowa a sama yanzu, kuma ba wanda ya zo ya taya shi zama yadda aka taya ta. Tausayinsa ya kama ta, ta ji haushin kanta da ya kama ta.

"Babaji, dawo ka zauna."

Ta sauke bargon daga igiya ta ɗora a cinya. Ta ɗauko reza. Ɗinkin da ta yi rantsuwa jikokin jikoki ba za su ga sakinsa ba, lalle bai saki da sauƙi ba, sai da ta yi ta tsinka shi ɗigo ɗigo. Babaji yana cewa ta bari, ta bari, amma bai matsa daga wurin ba. Ta cire shuɗin yankin, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, ta kakkaɓe audugar da ta manne masa. Kusurwar bargon ta zauna a buɗe, farar auduga na leƙowa.

"Ungo. Karsanar ma ka riƙe, kada a ce dillali ya yi cinikin banza."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ga zare na zazzarewa a gefe.

"Zai ƙare a aljihuna," ya ce. "Ki ɗan kama mini bakinsa."

"Ni na gama nawa. Ɗan uwanka ne, kai za ka kalmashe."

Ta miƙa masa allura da zare, ta nuna masa yadda ake lanƙwasa bakin sau biyu a danne da babban yatsa. Babaji ya zauna a tabarma ya harɗe ƙafa, ya lashi bakin zare, ya ɗaga allura sama wajen haske. Ya zura, ya wuce. Ya sake, ya wuce. Ya goge ido da hannun riga ya sake gwadawa.

"Ramin allurar nan ya yi ƙanƙanta," ya ce.

"Kawo."

Ta karɓa. Ita da ke zura zare ko ba ta kallo, sai da ta yi ta nema kafin ta samu ramin. Ta mayar masa. Ya fara ɗinki, manya-manyan taku a karkace, wani na hawa kan wani, irin wanda Ya Fanne za ta farke tun daga bakin ƙofa. Joda ta zauna kusa da shi tana kallo, ba ta gyara masa ko ɗaya ba.